Zama a ƙasar sanyi

Ƴan Nijar da dama suna tafiya Kanada neman ilimi ko aiki. Wasu suna sauka a birnin Monreyal, cikin jihar Kebek, don can ana jin Faransanci. Mai shirin wannan tafiya, ya kamata ya san abu guda: sanyin can ba irin ɗarin gida ba ne.

A nan, in rana ta fito, ɗari sai ya sake mu. A Monreyal kuwa, cikin watan Janairu, sanyi yakan kai digiri 20 ƙasa da sifiri. Ruwa yana daskarewa a waje. Ƙanƙara tana rufe ƙasa tun daga Disamba har Maris.

Babbar riga da rawani ba su isa ba. Sai an haɗa tufafi biyu ko uku, a ɗora manto mai kauri. A sa hula mai rufe kunne, da safar hannu, da takalmin da ruwa ba ya shiga. Sanyi yana iya kashe yatsa ko kunne in an bar su waje.

Ga babban gargaɗi. A gida mun saba shiga ɗaki da kaskon wuta. A can kar a kuskura! Ɗakunansu a rufe suke ruf, iska ba ta shiga. Gawayi yana fid da wata guba wadda ba ta da wari, ba a ganin ta. Tana kashe mutum cikin barci. Da lantarki ake ɗumama yawancin gidaje. Kafin ka kama haya, tambayi mai gida: kuɗin ɗumama ɗaki yana cikin kuɗin haya, ko kai za ka biya?

Rana ma tana da nata hali. A Disamba, ƙarfe 4 da ƴan mintoci ta faɗi. A Yuni kuwa, sai wajen ƙarfe 9 na dare. Saboda haka lokutan salla suna canzawa ƙwarai. In azumi ya faɗo a Yuni, yakan wuce awa 17.

Ƙarancin rana yana rage bitamin D, mai ƙarfafa ƙashi, musamman ga baƙar fata. A nemi shawarar likita. Fata kuma tana bushewa, kar a manta da man kaɗe cikin kaya.

Tambayoyi
1. Don me ba a hura gawayi cikin ɗaki a Kanada?
2. Mi za ka tambayi mai gida kafin ka kama haya?