Ƙarfin Mai da Ƙarfin Iska: Bayani a Kan Birkin Tsofaffin Motocin Sukuwa

Daga ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu zuwa wajen shekarar 1970, maƙeran motoci na Ingila da Italiya da Jamus sun fitar da waɗansu irin ƙananan motoci masu kujera biyu, gajeru, marasa nauyi, da yawansu ba su da rufi sai rumfar tamfol wadda a ke naɗewa. Ba don ɗaukar kaya ko iyali aka yi su ba, don gudu da nishaɗi ne, saboda haka a cikin wannan takarda za a kira su motocin sukuwa. A cikinsu akwai na Jaguar da MG da Triumph da Austin-Healey, da na Ferrari da Porsche. An daɗe da daina ƙera waɗannan samfurori, amma har yanzu akwai masu sha'awa da ke adana su, suna gyarawa, suna hawa. Mahayi kuwa ba ya sakin doki ya yi sukuwa sai ya amince da linzaminsa. Haka direba ya ke da birki.

Ita kalmar birki daga Ingilishi Hausa ta aro ta. Da ya ke Hausa ba ta fara kalma da baƙaƙe biyu a jere, sai ta cusa wasali a tsakani, kamar yadda ta yi wa burodi da direba. Abin lura shi ne aikatau da ke tafiya da ita. A kan ce an ja birki, ko an taka, ko an ci. In ya lalace kuwa, a ce ya tsinke, ko ya shanye. Tsinkewa ta dace da birkin farko, wanda a ke ja da waya da sandunan ƙarfe. Shanyewa ta fi dacewa da wanda ya gaje shi, watau birki mai aiki da mai.

Aibin birkin waya shi ne wuyar daidaitawa. Ƙafafun mota huɗu ne, kowace da tata wayar, kuma waya ta kan miƙe, mahaɗai su ci, tsatsa ta kama. Da zarar ƙafa ɗaya ta riga sauran kamawa, sai motar ta fizge zuwa gefe. Maganin wannan yana cikin wata ƙa'ida da masanin nan na Faransa, Blaise Pascal, ya bayyana, aka buga ta a 1663, shekara guda bayan mutuwarsa. Ƙa'idar ita ce, in aka matsa ruwan da ke kulle cikin mazubi, matsin zai isa ko'ina cikinsa daidai wa daida, domin ruwa ba ya matsuwa kamar iska. Wani Ba'amurke, Malcolm Loughead, wanda daga baya ya mai da rubutun sunansa Lockheed, shi ya yi rajistar birki mai aiki da wannan ƙa'ida a 1917. Motar Duesenberg ta 1921 ta fito da shi a ƙafafu huɗu, Chrysler ta bi a 1924, Ford kuwa ta yi ta jan jiki har 1939.

Ga yadda abin ya ke. A ƙarƙashin matakin birki akwai wata silinda mai fistin a ciki, cike da mai, wadda za a kira uwar silinda. Daga gare ta siraran bututai su ke fita, su tafi ga kowace ƙafa, inda 'ya'yan silinda su ke. A ɗauka direba ya taka da ƙarfin laba 50. Shi matakin doguwar sanda ce mai ninka ƙarfi, a ce sau biyar, ya zama laba 250 ke nan a kan fistin uwar. In faɗin fuskar fistin nan rabin murabba'in inci ne, to, matsin da ke cikin man ya kai laba 500 a kan kowane murabba'in inci. Wannan matsi shi zai isa ga fistin da ke ƙafa, in kuwa faɗin fuskarsa murabba'in inci 3 ne, zai tura da ƙarfin laba 1,500. Hamsin ta haifi dubu da ɗari biyar. Amma fa ba kyauta aka samu ba: abin da aka ƙaru da shi na ƙarfi an biya shi da nisa. Ƙafar direba ta yi tafiyar inci biyu ko uku, fistin ƙafar mota kuwa motsinsa da ƙyar ido ke ganinsa.

Tsai da mota ba kome ba ne illa mai da gudu ya zama zafi ta hanyar guga. In gudu ya ninka biyu, zafin da birki zai sha ya ninka huɗu, kuma a nan ne motocin sukuwa su ka gamu da matsalarsu. Birkin da aka saba da shi a lokacin shi ne mai kama da kwano: kwanon ƙarfe yana juyawa tare da ƙafar mota, a cikinsa akwai takalma biyu masu lanƙwasa da a ke buɗawa su gogi bangonsa. Kwano rufaffe ne, ba ya shan iska sosai. In ya yi zafi sai ya buɗe, ya nisanci takalman, su kuma fuskarsu ta yi santsi. Direba ya taka har ƙasa, mota ba ta ji ba.

A tseren Le Mans na ƙasar Faransa, wanda a ke yin awa 24 ana gudu ba tsayawa, a wancan zamani akwai wata miƙaƙƙiyar hanya mai kusan mil huɗu da a ke kira Mulsanne, ƙarshenta kuwa kwana ce mai tsanani. A 1953 kamfanin Jaguar ya zo da motocinsa C-Type ɗauke da sabon birki da ya yi tare da kamfanin Dunlop. Maimakon kwano, faifan ƙarfe ne a fili, iska na dukansa, ana matse shi daga gefe biyu kamar yadda awartaki ke kama ƙarfe. Faifai in ya yi zafi kumbura ya ke yi ya ƙara kusantar abin da ke matse shi. Saboda haka direbobin Jaguar su ka riƙa jinkirta taka birki har sai sun matso kwanar, alhali abokan tserensu sun daɗe da rage gudu. Tony Rolt da Duncan Hamilton su ka zo na ɗaya, da matsakaicin gudu fiye da mil 105 a awa, karo na farko ke nan da aka haye mil 100 a wannan tsere. Sauran motocin Jaguar biyu su ka zo na biyu da na huɗu. Ba a daɗe ba faifai ya shiga motocin kasuwa: Triumph TR3 ta samu a ƙafafun gaba a 1956, Jaguar XK150 ta fito da shi a 1957.

Sai dai faifai ya zo da nasa nauyin. Birkin kwano yana da wata baiwa: juyawar kwanon da kanta ta kan jawo takalmin gaba ta ƙara danna shi a bango, watau motar na taimakon direba wajen tsai da kanta. Faifai ba shi da wannan. Duk matsin da a ke bukata daga ƙafar mutum zai fito, mota mai nauyi da gudu kuwa sai ta gajiyar da cinya. Dalilin da ya sa aka koma ga wata dabara ke nan wadda wani injiniya na ƙasar Beljiyam, Albert Dewandre, ya fito da ita tun cikin shekarun 1920. Mutanen Amurka na ce wa na'urar busta. Sunan da Ingilawa ke kiranta da shi, in ya shiga bakin Bahaushe, sabo zai koma, ya tarad da sabon abu da sabo na shaƙuwa sun riga shi zama, ga kuma saɓo a maƙwabta. Gara a ce mata mataimakin birki.

Wanda ya taɓa ganin wanzami yana yin ƙaho ya riga ya ga asalin dabarar. Wanzami ya kan zuƙe iskar da ke cikin ƙahon ya toshe, sai ƙaho ya manne a fata, ba don wani abu na jansa daga ciki ba, sai don iskar waje na danna shi. Iskar da ke kewaye da mutane tana da nauyi, kimanin laba 14.7 a kan kowane murabba'in inci a bakin teku. Injin fetur kuwa wanzami ne da ba ya gajiya. Kullum fistocinsa na zuƙar iska ta kafireto, in aka saki totur ƙofar iskar ta kusa rufewa, sai bututun da ke bayanta ya zama kusan fanko. Hikimar da ke ciki ita ce zuƙar ta fi ƙarfi daidai lokacin da direba ya ɗauke ƙafa daga totur, watau lokacin da zai taka birki.

Shi mataimakin gwangwani ne na ƙarfe, an raba cikinsa biyu da tantanin roba kamar fatar kalangu, an haɗa shi da bututun nan na injin da tiyo. Muddin ba a taka birki ba, injin na zuƙe iskar ɓangarorin biyu daidai, tantani na zaune wuri ɗaya. Da an taka, sai wani bawul ya rufe hanyar da ke tsakaninsu, ya buɗe wa iskar waje ƙofa ta shiga ɓangaren baya. Iskar ta danna tantanin, shi kuma ya tura sandar da ke tura fistin. In faɗin tantanin inci 7 ne, fuskarsa ta kai murabba'in inci 38, in bambancin matsin laba 8 ne, an sami ƙarin laba 300 da 'yan kai a kan 250 ɗin direba. An kuma tsara bawul ɗin yadda taimakon zai bi gwargwadon takawa, kaɗan da kaɗan, da yawa da yawa.

Ba kowane maƙeri ya bi hanya ɗaya ba. Jaguar E-Type ta 1961, wadda aka gwada ta kai mil 150 a awa, ta fara da mataimaki irin na Kelsey-Hayes mai kama da zugazugin maƙera, wanda ke taimaka wa matakin kai tsaye. Direbobi ba su yaba da shi ba, da aka fito da mai injin lita 4.2 a 1964 sai aka sauya shi da na Lockheed. A ƙananan motoci inda wuri ya yi ƙaranci, a kan ajiye mataimakin can gefe cikin ɗakin injin, a tsakiyar hanyar mai, man da ya fito daga uwar silinda shi ke buɗe bawul ɗinsa. MGB ta 1962 ta fito da faifai a gaba ba tare da mataimaki ba, sai daga baya aka ƙara mata. Porsche 911 kuwa, da ya ke injinta a baya ya ke, gabanta ba nauyi, ta yi shekara fiye da goma ba ta da shi.

A nan ne masu gyaran tsofaffin motoci su ke yawan ruɗuwa. Mutum ya sayi motar da ba ta da mataimaki, ya ji birkinta da tauri, ya sa a ɗaura mata, yana zaton ta fi tsayawa da wuri. Ba haka ba ne. In dai ƙafar direba na iya danna birki har tayoyi su daina juyawa, to, iyakar tsayawa tana ga kamun taya da ƙasa, mataimaki bai ƙara kome a kai ba sai sauƙin takawa. Sau da yawa ma taurin nan alama ce ta fistin da ya cije ko tiyon da ya kumbura daga ciki, mataimaki kuwa ɓoye cutar zai yi.

Haɗarin gaske yana wajen man. Yawancin motocin nan hanyar mai ɗaya gare su, in bututu ɗaya ya fashe ƙafafu huɗu sun rasa birki gaba ɗaya, sai na hannu. Tun daga 1968 dokar Amurka ta wajabta hanya biyu a sababbin motoci, amma dokar ba ta koma kan waɗanda aka riga aka ƙera ba. Man farko da man zurman da barasa aka haɗa shi. Wanda aka fi amfani da shi yanzu yana da halin shan laimar iska. Irin wanda a ke kira DOT 4, sabonsa ba ya tafasa ƙasa da digiri 230 na ma'aunin Santigirad, amma in ya sha ruwa a kan sa ran ya sauko wajen 155. In ya tafasa a gangaren dutse sai ya zama tururi, tururi kuwa matsuwa ya ke yi, matakin ya nutse ba abin da ya kama. Ruwan nan kuma shi ke cin silinda da tsatsa a motar da ke yawan zama a rumfa, shi ya sa a ke sauya man duk shekara biyu ko motar ba ta yi tafiya ba. Man injin kuwa ko ɗigo bai kamata ya shiga ba, domin kumbura robobin ya ke yi.

Mataimakin da ke gefe yana da wata cuta tasa mai wuyar ganewa. In robar da ke cikinsa ta mutu, sai ya riƙa tsotse man birki yana tarawa cikin gwangwaninsa, daga nan injin ya zuƙe ya ƙone. Mai motar ya ga man yana raguwa, ya duba ƙasa bai ga ɗigo ba, sai farin hayaƙi a salansa in ya saki totur. Gwajin lafiyar mataimaki kuwa ba ya bukatar kayan aiki. A kashe injin, a taka birki sau biyar ko shida har matakin ya yi tauri, a riƙe shi a danne, sa'an nan a ta da injin. In matakin ya ɗan nutse ƙarƙashin ƙafa, mataimaki na aiki. In bai motsa ba, sai a fara duba tiyon da bawul ɗin da ke bakinsa kafin a kwance gwangwanin.