Ƙwallon Amurka: Wasan Asabar Da Na Lahadi

Ran Litinin 2 ga Disamba 2024, sa'ad da na ke gwajin koyarwa a wata makarantar sakandare a Gwagwalada, wani yaro ɗan aji uku ya tare ni a bakin ƙofa da 'yar takarda a hannunsa. Daga wayar wansa ya kwafo abin da ke ciki: Mishigan 13, Ohayo 10, Filadelfiya 24, Baltimo 19, Fitsbag 44, Sinsinati 38. Ya ce, "Malam, wane irin gola ne za a zura masa ƙwallo 44, bai gudu ya bar ragar ba?" Na yi dariya, amma ban iya ba shi amsa ba. Yaron nan shi ya fi kowa girman jiki a ajin, ya kuwa gaya mini wai wani ya ce da shi mai jiki irin nasa ba ya bukatar takardar shaida, ƙwallon Amurka kaɗai ya isa ya yi masa arziki. Wannan magana ita ta sa na zauna na bi lissafin nan dalla-dalla. Ga abin da na samu, domin 'yan'uwana ɗalibai waɗanda za su gamu da irin tambayar.

Da fari dai babu gola, babu raga. Wasan ba tamaularmu ba ce. Ƙwallon kansa mai tsini biyu ne, siffar gwanda, da hannu a ke ɗaukarsa a gudu da shi, ko a jefa wa ɗan'uwa. Kowane gefe mutum 11. Tsawon fili yadi 100, sa'an nan a kowane ƙarshe akwai gida mai yadi 10. Wanda ya taɓa yin langa a dandali zai gane shi nan da nan, gama mai ƙwallo kamar ruwa ya ke: 'yan'uwansa suna tare masa hanya, abokan gāba suna neman ka da shi kafin ya sha. A kan ba masu ƙwallo dama 4 su ci yadi 10. In sun ci, a sake ba su 4. In sun kāsa, ƙwallo ya koma hannun waɗancan.

To, lambobin nan maki ne, ba yawan cin ƙwallo ba. Wanda ya shiga gidan abokan gāba da ƙwallo ya sami 6, a kan kuma ba shi bugu ɗaya tsakanin waɗansu dogayen sanduna biyu, in ya shiga ya zama 7. Kadan hanya ta toshe, suna iya buga ƙwallo daga nesa ya bi ta tsakanin sandunan, wannan 3 ne. Akwai kuma na 2, amma ba kasafai ba. Saboda haka 44 na Fitsbag shiga gida 5 ne da bugun nesa 3, watau 35 da 9. Na Mishigan 13, shiga gida 1 ne da bugu 2, na ƙarshen kuwa saura daƙiƙa 45 a tashi aka yi shi. Wanda ya fi ba ni tausayi mai bugun Baltimo ne, Justin Tucker, wanda aka daɗe ana kirari da ƙafarsa. Ran nan ya ɓarar da bugun nesa 2 da na ƙari 1. Ku haɗa, maki 7 ke nan, da 5 kuwa aka cinye su.

Amma abin da yaron bai lura ba, ni ma sai daga baya, shi ne sunayen da ke takardarsa ba jinsi ɗaya ba ne. Mishigan da Ohayo jami'o'i ne, 'yan wasansu ɗalibai ne masu shiga aji, ran Asabar 30 ga Nuwamba suka kara. Sauran huɗun ƙungiyoyin ƙwararru ne na NFL, masu cin abinci da wasan, nasu ran Lahadi aka yi. Haka makon Amurka ya ke a kaka: Jumma'a da dare 'yan sakandare, Asabar 'yan jami'a, Lahadi ƙwararru. Ba kuwa al'ada kaɗai ba ce. Akwai dokar da majalisarsu ta yi a 1961, ta ƙara mata a 1966, wadda ta tsare daren Jumma'a da yinin Asabar, daga tsakiyar Satumba zuwa tsakiyar Disamba, kada a nuna wasan ƙwararru a talabijin cikin mil 75 daga inda makaranta ke nata. Ni dai abin nan ya burge ni, a ce masu kuɗi su dakata sai 'yan makaranta sun gama.

Dalili kuwa, a makaranta aka haifi wasan. Karawar farko tsakanin kwalejoji biyu aka yi ta, Rutgers da Princeton, a 1869, ita kuwa NFL sai a 1920 aka kafa ta. Har wa yau filayen da suka fi girma na jami'o'i ne. Na Mishigan yana ɗaukar mutum 107,601. Ku gwada da babban filinmu na Moshood Abiola a nan Abuja, mai ɗaukar 60,000 da 'yan kai, wanda in ya cika a kan kwana ana zancen.

Karawar Asabar ɗin nan ta isa a tsaya a kanta. A birnin Kolambas aka yi ta, gidan Ohayo, gaban mutum fiye da 100,000, da tsakar ranarsu, ƙarfe 6 na yamma ke nan a agogonmu. Ohayo ta zo da nasara 10 cikin wasa 11, ita ce ta biyu a ƙasa duka. Mishigan kuwa 6 kaɗai ta ci cikin 11, ba wanda ya ba ta ko kwabo. Duk da haka ita ta yi rinjaye, shekara ta huɗu a jere. Da aka tashi, 'yan Mishigan suka so kafa tutarsu a tsakiyar filin masu gida, faɗa ya kaure, har 'yan sanda suka fesa barkono, aka ci kowace jami'a tarar dala 100,000. Abin kunya ne ga masu sunan ɗalibai, ko da ya ke mu da muka ga yadda wasan makarantu kan ƙare a nan ba mu da bakin yi musu gori. Abin mamaki, Ohayon nan da aka kunyata ita ta ɗauki kofin jami'o'i duka ran 20 ga Janairu 2025, ta cinye Notre Dame 34 da 23. Filadelfiya kuma ta ɗauki na ƙwararru, wanda a ke kira Super Bowl, ran 9 ga Fabrairu, 40 da 22 a kan Kansas. Cikin 'yan wasanta akwai Moro Ojomo, haifaffen Ikko, wanda ya yi karatu a Jami'ar Texas.

Yanzu ga inda maganar ta shafi yaron nan. Ƙa'idar NFL ita ce ba a zaɓen mutum sai ya yi shekara 3 da barin sakandare, kusan dukansu kuwa a jami'a su ke yin shekarun nan. Jami'a ba ta karɓarsa sai da takardar sakandare, ba ta barinsa ya yi wasa in ya fāɗi a karatu. Yara wajen miliyan ɗaya ke wasan a sakandaren Amurka. Ƙungiyoyin NFL 32 ne, abin da su kan zaɓa a shekara wajen mutum 260 ne kaɗai. Ko cikin 'yan jami'a ma, ba a samun 2 cikin 100 da ke hayewa. Wanda ya haye, galibi shekara 3 ko 4 ya kan yi, gwiwa ko kafaɗa ta tsai da shi, likitoci kuma sun tabbatar yawan gwara kai yana lalata ƙwaƙwalwa.

Christian Okoye, mutumin Inugu, shi ne ɗan ƙasarmu da ya fara yin babban suna can. Jifan faifai ya kai shi Jami'ar Azusa Pacific a 1982, bai fara wasan nan ba sai yana da shekara 23, a 1989 kuwa ya fi kowa a NFL cin yadi da gudu, 1,480. Shi ma ta ƙofar kwaleji ya shiga.

Lalle akwai 'yar ƙaramar ƙofa ta gefe, ba zan ɓoye ba. Tun 2017 NFL ta kan ɗauki waɗansu baƙi kaɗan ta horar da su, Osi Umenyiora kuma, wanda ya ci kofi sau biyu da ƙungiyar Giants, ya kan nemo samari a Nijeriya, har aka yi sansanin gwaji a Ikko a 2024. Amma waɗanda ke wucewa ta nan a shekara ba su cika aji guda ba, daga duniya duka.

Na kai wa yaron duk wannan ran Laraba. Ya saurara, ya ce, "To Malam, ai ni ina cikin biyun nan." Ban yi gardama da shi ba. Sai na rubuta a allo: ta hanya nawa za a haɗa 24 da bakwai-bakwai da uku-uku? Shi ya fara ɗaga hannu, ya kawo biyu: bakwai 3 da uku 1, ko kuwa uku 8. Ban taɓa ganin ya ɗaga hannu a darasin lissafi ba sai ran nan.

Akwai irin wasan da ba a ka da kowa, mutum biyar biyar, sai dai a fizge ƙyallen da ke ɗaure a ƙugun mai ƙwallo. Shi za a yi a wasannin Olimfik na Los Angeles a 2028, 'yan Nijeriya kuwa, maza da mata, su suka ɗauki kofin Afirka a Alƙahira a watan Yuni 2025. Kafin in bar makarantar mun gwada shi sau biyu a bayan aji, da tsummokaran da wani tela ya ba mu. Ƙwallon mai tsini ne ba mu samu ba, da na tamaula muka yi.