Kafin Ka Zuba Kuɗi a Ƙwallon Bolin, Tambayi Man da Ke Kan Layi

Duk wanda ya fara shiga zauren wasan bolin, ko a Abuja ne ko Dubai ko Kuala Lumpur, abin da ke fara ɗaukar idonsa shi ne sheƙin layin da ake gangara ƙwallo a kai. Sai ya ɗauka goge shi aka yi don kwalliya. Mai ne aka shafa. Wani inji ke bi yana shimfiɗa shi, kimanin mililita 20 zuwa 25 a layi guda, wato bai cika cokalin cin abinci biyu ba. Tsawon layin ƙafa 60 ne daga iyakar da mai jifa ke tsayawa zuwa kwalbar farko cikin sanduna goman nan masu siffar kwalba, amma man ba ya kai wa ƙarshe. Yakan tsaya wajen ƙafa 40, sauran kuwa a bushe yake.

Asali don kare katako aka fara shafa man, kada nauyin ƙwallo ya cinye shi. Yau yawancin layuka ba na katako ba ne, amma man ya zauna, har ya zama shi ke juya wasan. Ƙwallon da gwani ya saki tana juyawa takan yi sulɓi a kan man tukuna, idan ta fita daga cikinsa ta taka busasshen wuri sai ta kama ƙasa ta sha kwana, daga nan ta miƙe tana mirginawa har ta shiga tsakanin kwalba ta 1 da ta 3, in mai jifan na-dama ne. Wannan kwanar ake nema. Ƙwallon da ta zo a miƙe sak takan daki kwalbar gaba ta kauce, ta bar wasu a tsaye. Wadda ta shigo a karkace, da kusurwar da ta kai digiri 6, ita ce ke ratsa tsakiya ta kwashe goman.

Neman wannan kwanar ne ya yi ta sauya abin da ake yin ƙwallon da shi. Da farko itace ne mai tauri, sai baƙar roba a farkon ƙarni na 20, sai filastik. A 1973 wani ɗan wasan Amurka, Don McCune, ya gano cewa idan ya jiƙa ƙwallonsa ta filastik a cikin wani sinadari ɓawonta yana laushi, ta riƙa kama layi fiye da ta kowa. Ya ci gasa shida a shekarar, aka kuma kafa dokar auna taurin ƙwallo saboda shi. A farkon shekarun 1980 yuretan ya shigo, sannan wajen 1991 kamfanin Nu-Line ya fitar da X-Calibur, wadda ta buɗe zamanin ƙwallon da ake kira riyaktif. Ɓawon wannan ƙwallo cike yake da ƙananan kafofi da ido ba ya gani. Tana shan man da ta taka, shi ya sa da zarar ta isa busasshen wuri sai ta damƙi layi kamar sabuwar taya a kan kwalta.

To, a nan ne sabon shiga ke faɗa wa rami. Ya gaji da ƙwallayen haya na zaure, ya ga gwanaye a talabijin suna lanƙwasa ƙwallo daga bakin lambatun gefen layi zuwa tsakiya, sai ya buɗe intanet ya nemi wadda aka ce ta fi kowace ƙarfin kwana. Ita ce kuma mafi tsada. Ranar da ya kai ta zaure ya saki, ko rabin layi ba ta kai ba ta fara juyawa, ta tsallake kwalbar gaba ta faɗa hagu. Ko kuma ta ƙone ƙarfinta tun a hanya, ta iso kwalaben a gajiye, ta taɓa su kamar mai gaisuwa. Ƙwallon lafiyarta ƙalau. Don layi mai mai da yawa aka yi ta, irin na manyan gasa, shi kuwa ya kawo ta inda man matsakaici ne. Linzami ya fi ƙarfin bakin kaza.

Saboda haka tambayar farko ba ta wurin mai sayar da ƙwallo ba ce. Je ka wurin mai kula da injinan zauren da kake wasa, ka ce masa: ƙafa nawa kuke shafa wa mai, kuma sau nawa a mako? Abin da ake kira matsakaicin mai shi ne shafin da tsawonsa ke tsakanin ƙafa 38 da 42, da yawan da muka ambata a sama. Shafin yau da kullum na zaure yakan tara man a tsakiya ya bar gefuna a bushe, don ya taimaki mai wasa: ka kauce waje, bushewa ta dawo da ƙwallonka, ka kauce ciki, mai ya riƙe ta. Shafin gasa kuwa kusan bai ɗaya yake daga gefe zuwa gefe, ba ya yafe kuskure. Idan ka san tsawon shafin, akwai lissafin da 'yan wasa ke yi: cire 31 daga cikinsa. Layi yana da siraran falankai 39 a jere, to in shafin ƙafa 40 ne, ana so ƙwallonka ta fita daga mai a kan falanki na 9 daga gefen hannun da kake jifa da shi.

Tambayar sau nawa ake shafa man ta fi ta tsawon shafin muhimmanci ga wanda ke wasa a zauren shaƙatawa, inda iyalai da yara ke zuwa bikin ranar haihuwa. Irin wannan wuri ba lallai ne ya shafa mai kullum ba. Layin da aka shafa tun shekaranjiya, aka yi ta turmusa shi da ƙwallayen haya, sunansa busasshe ko da inji ya zuba matsakaici a farko. In ba ka sami mai ba ka amsa ba, ƙwallon da kanta za ta gaya maka. Duba jikinta idan ta dawo. Zoben mai a jiƙe, mai kauri, alamar akwai mai. Ɗan siririn zane da kyar ake gani, ko babu ma sam, alamar layin ya bushe, kuma ƙwallo mai sauƙin ƙarfi ce ta dace da kai.

Idan ka tabbatar man matsakaici ne, sai a zo kan ɓawo, domin shi ne ke taɓa layi. Hukumar wasan ta Amurka, USBC, ta yi wani dogon bincike da ta kammala a 2008 kan abin da ke sa ƙwallo ta yi tafiyar da take yi. Abubuwan da suka fito a sahun gaba duk na ɓawo ne: kaushinsa, yadda yake kama layi a cikin mai da wajensa, da saurin shan mansa. Curin da ke cikin ƙwallon, wanda masu talla suka fi zuzutawa da hotuna masu launi, a baya ya biyo.

Ɓawon riyaktif iri uku ne. Wanda za ka ga an rubuta Solid a kwalinsa yakan kama layi da wuri, kwanarsa a hankali take, kamar gogaggen direba a kan hanyar da ya sani. Wanda aka rubuta Pearl an cuɗa shi da garin wani ma'adini mai ƙyalli, yakan yi sulɓi mai nisa sannan ya karya kwana da ƙarfi a ƙarshe. Yana da daɗin kallo, kuma yana da saurin ba da kunya: ka kauce da falanki biyu zuwa cikin mai ya wuce bai juyo ba, ka kauce waje ya fizgo da wuri. Na uku ruwa-biyu ne, Hybrid, an haɗa wancan da wannan. A ganina, wanda zai mallaki ƙwallo ɗaya tak don matsakaicin mai ya tsaya kan ruwa-biyu ko Solid mai matsakaicin ƙarfi. Ba banza ba Hy-Road ta kamfanin Storm, wadda ruwa-biyu ce da ta fito tun 2008, ta shafe shekaru ana ci gaba da ƙera ta alhali ɗaruruwan sababbi sun zo sun wuce. Haka IQ Tour da Phaze II suka yi suna a matsayin ƙwallon da ake fara jefawa don karanta layi. Brunswick da Hammer da Motiv duk suna da irinsu, kada sunan kamfani ya ɗauke maka hankali.

Wani abin da mai sayarwa ba zai yi saurin gaya maka ba shi ne, halin ɓawo ana iya sauya shi da kuɗi kaɗan. Akwai soson gurza na musamman mai lambobi, 500, 1000, 2000, 3000, 4000. Ƙaramar lamba kaushi, ƙwallo ta kama da wuri. Babbar lamba santsi, ta yi nisa kafin ta juya. Ga matsakaicin mai, tsakanin 2000 da 4000 ake yawan zama. Mutum zai ce ƙwallonsa ba ta yi ba, ya tafi sayen wata, alhali gurzar minti biyar ce ta rage. Sai dai a doka ba a gurza ƙwallo da zarar an fara gasa, kuma tun watan Agusta na 2019 busasshen tawul kaɗai USBC ta yarda a goge ta da shi a tsakiyar wasa.

Curin ciki ba na wasa ba ne, amma lambobi biyu sun ishe ka. Ta farko RG, wadda doka ta tsayar tsakanin 2.46 da 2.80. Idan ta yi ƙasa, nauyin yana tattare a tsakiya, ƙwallo na fara mirginawa da wuri. Idan ta yi sama, tana ajiye ƙarfinta zuwa gaba. Ta biyu ita ce ake rubutawa Diff, ba ta wuce 0.060. Ita ke sa ƙwallo ta riƙa sauya gefen da take taka layi da shi a kowane juyi, busasshen ɓawo ya riƙa samun ƙasa, kwana ta ƙaru. Nemi RG tsakanin 2.49 da 2.57, Diff tsakanin 0.030 da 0.050, da curi mai daidaitattun ɓangarori. Mai karkatacciyar siffa ka bar wa ranar da ka san hannunka.

Hannun naka ma yana cikin lissafi. Mai jifa da gudu wanda ƙwallonsa ba ta juyawa sosai yana bukatar taimako, sai ya karkata zuwa kaushi da ƙaramar RG. Mai jifa a hankali wanda ƙwallonsa ke juyawa kamar fanka ya nemi santsi, in ba haka ba za ta ƙare tun kafin ta iso. Jason Belmonte na Ostareliya yana jifa da hannu biyu, juyin ƙwallonsa ya ninka na ɗan koyo, don haka abin da ka ga tana yi a hannunsa ba za ta yi a naka ba. A tuna kuma Walter Ray Williams Jr., wanda ya ci kambun gasar ƙwararru ta PBA har 47, ba da wata babbar kwana ya tara su ba. Saiti ne da maimaita jifa iri ɗaya.

Nauyi ba ya wuce laba 16 a doka, wato kilo 7 da ɗan ɗoriya. Akan ce mutum ya ɗauki kashi ɗaya cikin goma na nauyin jikinsa, kuma yawancin manya kan tsaya a 14 ko 15. Ɗaukar 16 don a ce namiji ne hanya ce ta ciwon kafaɗa da wuyan hannu. A ɗaya gefen, ƙwallayen da suka yi sauƙi sosai sau da yawa ba curin da aka zana a talla ke cikinsu ba, wani gama-gari ake sawa, don haka duba lambobin nauyin da za ka saya, ba na laba 15 da aka saba bugawa ba.

Sabuwar ƙwallo ba ta zuwa da huji. Sai an auna tafin hannunka da kaurin yatsunka, mai hudar kuma ya ga jifarka ya gano inda ƙwallonka ke juyawa a kai, sannan ya san inda zai dasa ramukan. Huda marar kyau tana ɓata ƙwallo mai kyau, ta kuma saɓule maka fatar babban yatsa. Wanda zai yi saƙo daga Dubai ko Amurka ya fara tabbatar da wanda zai huda masa, domin aikin na injin musamman ne, ba na kafinta ko mai walda ba. In babu a garinku, a huda a can kana tsaye. Ta gwanjo kuwa da hujin wani take zuwa, sai an toshe an sake, ga man shekaru da ta sha. Idan ka ga tsohuwa mai ƙarin rami a gefe wanda ba na yatsa ba, ka sani an haramta shi a gasa tun 1 ga Agusta 2020.

Shan man nan da ya sa ta yi fice shi ne kuma ajalinta. Kafofin na cika, kwanar na raguwa a hankali har mai ita ya fara zargin hannunsa. Goge ta da tawul bayan kowace jifa, ka wanke ta da ruwan wankinta kafin ka mayar jaka, bayan wasanni kamar 60 kuma a sabunta fuskarta a tsotse man. Kada a gasa ta a kan wuta ko a shanya ta a rana don man ya fito. Kada kuma ta wuni a but ɗin mota. Ɓawo da curi ba sa buɗewa daidai idan sun ji zafi, kuma motar da ta sha ranar Afrilu a Abuja sannan aka shiga zaure mai sanyin na'ura ta isa ta tsaga ƙwallo daga ramin yatsa ta zagaye.

In kuɗin ya yi saura, kada ka ƙara riyaktif ta biyu tukuna. Sayi ta filastik mai araha. Duk ranar da kwalba ta 10 ta rage ita kaɗai a lungun dama, in kai na-dama ne, riyaktif za ta tafi kamar za ta same ta, tana isa busasshen wuri ta sha kwana ta wuce ta gabanta. Ta filastik ba ta san kwana ba, inda ka nuna ta nan take zuwa.