Kwamfuta Biyu, Kwanon Awo Biyu: Me Ke Kashe Launi a Laif?

A ranin da ya wuce na je Kura duba ƙanwata, sai na tarar da babban ɗanta a soro ya buga tagumi a gaban kwamfutoci biyu. Yaro ne mai himma. Da safe yana bakin kanal yana ba fangalin albasa ruwa, da dare kuma yana buga gem ɗin ƙwallo yana watsawa kai tsaye a intanet, abin da su samari ke kira laif. Kuɗin tumatirin da ya kai Kwanar Gafan ya tattara ya sayi laftof ta hannu, ya ƙara a kan babbar kwamfutar da yake da ita, saboda ya ji cewa gwanayen harkar da biyu suke aiki: ɗaya ta ji da wasan, ɗaya ta ji da watsawa. A tsakaninsu akwai wani ɗan akwati da bai wuce kwalin ashana ba, kafca, wanda ke karɓar hoto ta wayar HDMI ya miƙa wa ta biyun ta USB.

Ya ce, "Kawu, dubi nan, sannan ka duba wayarka." A allonsa filin ƙwallon kore shar, kamar alkamar Kadawa a tsakiyar sanyi. A wayata kuwa filin ya koɗe, baƙi ya koma ruwan toka, kai ka ce hazo ne ya sauka a filin wasan. Ƙwallon ma ba tafiya take ba, tsalle-tsalle take. Ya ce netwok ne. Ya gwada layi uku, ya ƙona data mai yawa, har yana shirin sayar da 'yar akuyarsa ya ƙaro wata kafcar.

Abin ya tsaya mini a rai, don na san ba shi kaɗai ba ne. Da yaron da ke watsa gem, da mai ɗaukar tafsirin azumi ya sa a Facebook, da mai ɗaukar kamu da dina, duk suna cin karo da wannan matsala, kuma akasarinsu kuɗi suke zubawa a inda ba a nan ciwon yake ba. Rashin ƙarfin netwok yana sa hoto ya dagule ko ya tsaya cik, amma ba shi ke mai da baƙi ruwan toka daga farkon shiri har ƙarshensa ba. Wannan saɓanin awo ne tsakanin na'urori biyu.

Duk wanda ya taɓa sayen shinkafa a Kura ya kai wani gari ya sayar ya san kwanon awo ba ɗaya ba ne. Haka lamarin haske yake a wajen na'ura. Kwamfuta tana auna hasken kowane ɗigon hoto da lamba daga 0 zuwa 255: sifili baƙi ƙirin, 255 fari fat. Talabijin kuwa nata kwanon daban ne. Tun 1982, lokacin da injiniyoyin watsa labarai na duniya suka amince da ƙa'idar da aka sani da lamba 601, baƙin talabijin yana farawa daga 16, farinta ya tsaya a 235. Sun bar ɗan fili sama da ƙasa ne don siginar wancan zamani takan ɗan zarce iyaka, ba sa so abin da ya zarce ya yanke. Fiye da shekara 40 ke nan, amma bidiyon da ake kallo a YouTube da Facebook har yau galibi da wannan ƙaramin kwano ake auna shi.

To ga inda rigimar take. Idan ka jona kafca a jikin kwamfutar wasa, sau da yawa kwamfutar takan ɗauka talabijin aka jona mata, sai ta aika hoto da ƙaramin kwano. Kwamfuta ta biyu in ta zaci babban kwano ne, za ta karɓi 16 ta nuna shi a matsayin toka-toka, 235 kuma ya zama fari mai dishi-dishi. Hazon da na gani a wayata ke nan. In aka samu akasin haka, aka aiko da babban kwano aka karɓa da ƙarami, duk abin da ke ƙasa da 16 zai narke ya zama baƙi ɗaya, abin da ke sama da 235 ya ƙone. A nan ne za ka ga malami sanye da farar babbar riga amma aikin wuyanta ya ɓace gaba ɗaya, fuskar mai duhun fata kuma ta nutse cikin inuwa. Wannan na biyun ya fi yi mini ciwo, don mu ne masu duhun fatar, mu ne kuma masu son farar shadda.

Gyaran ba ya cin ko kwabo. Manhajar da kusan kowa ke watsawa da ita, OBS, kyauta ce tun fitowarta a 2012. A cikinta akwai wurin zaɓar awon launi a inda aka saka kafcar, ana rubuta ƙaramin kwano da "Limited", babba da "Full". A kwamfutar wasa ma akwai irin wannan zaɓi a saitin katin hoto. Abin da ake so shi ne abin da aka aiko da abin da ake tsammani su zama ɗaya. Na sa yaron ya buɗe hoto mai matakalar haske daga baƙi zuwa fari, muka riƙa juya zaɓin har matakalan duka suka fito, baƙin ya zama baƙi. Ko minti goma ba mu yi ba.

Akwai wani ƙanen wannan saɓani. A 1990 aka fitar da sabuwar ƙa'ida, mai lamba 709, don talabijin mai fayyace hoto, kuma lissafinta na haɗa ja da kore da shuɗi ya ɗan bambanta da na 601. Wasu kafcoci masu araha suna aiki da tsohon lissafi alhali manhaja na tsammanin sabo. Sakamakon ba ya tsone ido kamar na farko, sai dai ka ga jar riga ta karkata ruwan lemo ko ta yi duhu, ciyawa ta canza kama, fatar mutum ta zama ba tasa ba. Shi ma zaɓi ɗaya ne ke gyara shi. Haka nan wanda ya kunna saitin haske da ake kira HDR a Windows alhali kafcarsa ba ta san da shi ba, hoto zai fito masa a wanke. Kashewa kawai zai yi.

Wani abu kuma ba shi da gyara, gara mutum ya sani ya huta. Idon ɗan Adam ya fi kula da bambancin haske a kan bambancin launi, shi ya sa bidiyon intanet ke ajiye hasken kowane ɗigo amma ya ba ɗigo huɗu launi ɗaya su raba. Ja ne ya fi shan wahala a wannan rabo. Ƙananan rubutu da jan launi sukan cakuɗe, don haka mai sanya sunan shirinsa a gefen allo ya zaɓi fari ko ruwan ɗorawa. Dillalin da ke ɗaukar kwandon tumatir a waya ya tura wa mai saye a kasuwar Mile 12 ta Legas shi ma ya riƙe wannan: jan da ya bar Kwanar Gafan ba shi ke isa idon wancan ba, bai kamata a yanke ciniki a kan launin da waya ta nuna ba.

Sai batun tsallen ƙwallo. Bidiyo hotuna ne tsayayyu da ake jerowa da sauri, kowane ɗaya ana ce masa firem. Nawa za a jero a daƙiƙa, wutar lantarki ce ta fara yanke wannan hukunci. Wutar Amurka tana juyawa sau 60 a daƙiƙa, ta Turai sau 50, kuma talabijin na farko da bugun wutar yake tafiya. Nijeriya ta gaji 50 daga Ingila, ta kuma ɗauki tsarin launi na PAL, wanda Walter Bruch ya ƙirƙira a kamfanin Telefunken na Jamus, aka fara watsa shiri da shi a 1967. Jamhuriyar Nijar ta bi SECAM na Faransa. Waɗanda suka yi zamanin bidiyo mai kaset, lokacin da fim ɗin Turmin Danya ya fito a Kano a 1990, za su tuna yadda kaset ɗin da aka kawo daga Amurka kan ƙi zama a allo ko ya fito ba launi. Wannan tsohuwar rigima ce ta biyo yaranmu har cikin soro, don kwamfuta da gem da wayar hannu galibi hanyar 60 suka bi.

Allon ɗan ƙanwata na masu gem ne, yana sabunta hoto sau 144 a daƙiƙa. Kafcar kuma 60 take karɓa. Raba 144 gida 60, za ka samu 2.4, bai rabu daidai ba. Dole na'ura ta riƙa ɗaukar firem ɗaya bayan biyu, wani lokaci bayan uku, tazarar ba ta daidaita. Ido yana kama wannan ɗingishi nan take, musamman in kyamarar wasa ta bi doguwar ƙwallo daga raga zuwa raga. Da muka mai da allon 120, wanda ya rabu gida biyu cif, tafiyar ta miƙe. Irin wannan ɗingishi ne ke samun wanda ya saita OBS a 25 ko 50 don ya ji an ce su ne na ƙasarmu, alhali hotonsa daga kwamfuta mai 60 yake zuwa: a 50 ɗin, cikin kowane firem shida sai an jefar da ɗaya. Akwai ma wani ɗan sartse da ya fi waɗannan ƙanƙanta. A 1953, da Amurkawa suka cusa launi cikin siginarsu, sun rage gudun kaɗan ya zama 59.94. In na'ura ɗaya na kan 60 ɗayar na kan 59.94, kusan duk daƙiƙa 17 sai firem guda ya faɗi ko ya maimaitu.

Bayan duk wannan, hoton bai kai santsin da yake so ba, sai muka koma kan kafcar kanta. A jikin kwalinta an rubuta 4K da USB 3.0, bakinta ma shuɗi ne. Amma da muka duba jerin abin da take iya bayarwa, a cikakken girman hoto na 1080 firem 30 ne iyakarta. Mutumin Bunkure ba ya buƙatar dogon bayani a nan. Ruwan da ke tasowa daga madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974 bayan gwamnatin Audu Bako ta assasa ta, yana biyo babban kanal ya rarrabu zuwa gonakin Kura da Garun Malam da Bunkure, amma abin da ke isa fangalinka iyakar faɗin 'yar magudanar ƙarshe ne, komai cikar dam. Hoton 1080 mai firem 60, in ba a matse shi ba, yana buƙatar kusan megabit 2,000 a daƙiƙa. USB 2.0 kuwa 480 ne iyakar abin da aka tsara mata, ta 3.0 ce ke kai 5,000. Yawancin ƙananan kafcocin nan masu araha cikinsu 2.0 ne ko da an rina bakin shuɗi, 4K ɗin da ke kwali kuma abin da suke iya karɓa ne, ba abin da suke fitarwa ba. Wannan yaudara ce, kuma yaran ƙauye da suka sha rana kafin su tara kuɗin ne take ci. Duk da haka kafcar ba ta zama shara ba: a girman 720 takan ba da firem 60, kuma ga masu kallo a waya 720 ya wadatar.

Ya kuma fi sauƙi a aljihu. Watsa 1080 mai firem 60 yana son kimanin megabit 6 a daƙiƙa, wato gigabayit 2.7 a awa guda. A megabit 3, rabin haka za ka ƙona. Tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a Janairun 2025, wannan lissafi ba na wasa ba ne. Kafin kuma a ɗora wa netwok laifi, OBS tana da taga ta ƙididdiga da ke raba asarar firem gida uku: wanda ya faɗi a hanyar intanet, wanda katin hoto ya gaza zanawa a kan lokaci, da wanda laftof ta gaza matsewa. A wajen yaron nan, na netwok ɗin ne mafi ƙanƙanta a daren da muka duba. Tsohuwar laftof ce ke yin zafi tana rage gudu, don a kan katifa ya ɗora ta. Muka ɗaga ta kan bulo biyu, iska ta shiga.

Abu na ƙarshe ya fito ne da aka ɗauke wuta ya ta da janareto. 'Yar kyamarar da ke nuna fuskarsa ta fara zana baƙaƙen layuka suna gangarowa. Fitila a kan wuta mai bugu 50 tana ƙiftawa sau 100 a daƙiƙa, ido ba ya gani, amma kyamarar da aka saita don wutar Amurka tana gani. A saitinta akwai zaɓin 50 ko 60. Muka mai da shi 50, layukan suka ragu, amma ba su tafi duka ba. Ƙaramin janareto ba ya riƙe bugunsa daram, da an jona firji ko dutsen guga sai ya sassauta, daidai yadda injin ban ruwa ke canza kuka idan tiyo ya shaƙi laka. Ƙanwata ce ta kawo maganin ba tare da ta san ana nema ba. Ta leƙo ta ce, "Yaya, duhu bai yi muku yawa ba?" ta miƙo fitilarta ta sola mai batir. Muka kashe ƙwan ɗakin muka jingina ta a bango tana haska shi ta gefe, layukan suka ɓace.

Akuyar tana nan bai sayar ba. Limamin unguwarsu ya riga ya yi masa magana a kan watsa tafsirin azumi mai zuwa, kuma fitilun masallacin duk a kan janareto suke, don haka da zan taho na bar shi yana lissafin fitilar batir nawa za ta ishe shi ya haska mumbari.