Harshenmu da Mai Ciwon Suga

"Baba, ai kai ka so. Wa ya ce ka sha shayi da suga?" Ana jin irin wannan magana a gidaje da dama a Tudun Wada, kuma mai faɗinta gani yake kulawa ce. Dattijon da aka faɗa wa kuwa ɓoyo ya koya. Gobe idan ya yi awo ya ga suga ya hau, sai ya mayar da na'urar aljihu ya yi gum.

Ciwon suga ba sakayyar kwaɗayi ba ne. Nau'i na ɗaya, wanda ya fi kama yara da matasa, garkuwar jiki ce ke lalata ƙwayoyin da ke samar da insulin. Ba alewa ce ta jawo wa yaron ba. Na biyun kuwa gado na da hannu a cikinsa sosai, haka shekaru da ƙiba. Zazzaɓi ko damuwa ma kan sa suga ya hau, ko da mutum bai kauce wa ƙa'ida ba.

Kafin a ce wa mutum "ba ka jin magana", a dubi halin da yake ciki. Tun da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello ya tashi daga Tudun Wada ya koma Shika a 2005, ganin ƙwararren likita sai da kuɗin mota. An ce mai ciwon ya ci alkama da acca, alhali tukunya ɗaya ake ɗorawa a gidan, ta tuwon masara. Insulin na son sanyi, wuta kuwa sai an ga dama, shi ya sa wasu ke adana shi a tukunyar ƙasa. Mai wannan fama ba taurin kai ke damunsa ba. Tambayar "me ya hana ka shan maganin?" ta fi kowace tsawa fito da gaskiya.

Masana sun daɗe da lura da haka. Ƙungiyar masu ciwon suga ta Ostireliya ta fitar da matsaya kan kalaman da suka dace a 2011, hukumar lafiya ta Ingila ta biyo baya a 2018. Dalilinsu ɗaya: wanda aka kunyata yakan daina zuwa asibiti. A nan sai ya koma wajen mai magani a bakin kasuwa, wanda ko ba komai zai tarbe shi da fara'a, har ɗan ciwon yatsa ya zama gyambo a kai ga yanke ƙafa.

Haka lokacin azumi. Idan likita ya hana mai ciwon suga yin azumi, kada a bi shi da habaici. Shari'a ta yi wa mara lafiya rangwame.

Ma'aikatan jinya da 'yan uwa, idan awo ya nuna suga ya hau, ku ce "Sannu Baba, bari mu duba abin da ya faru", sannan ku saurara har ya gama magana.