Guntuwar Jimla: Inda Makin Turanci Ke Zubewa

Yaron da ya tashi a Azuba, kusa da Lafiya, yakan shiga aji da harshe fiye da ɗaya a bakinsa: na gida, kamar Eggon ko Alago, ga kuma Hausar kasuwa. Amma ranar da zai nemi gurbi a Jami'ar Tarayya ta Lafiya, wadda aka kafa a 2011, sai ya nuna kiredit a Turancin WAEC ko NECO. Cikin abubuwan da ke cinye masa maki akwai guntuwar jimla, wato ya fara da babban baƙi, ya rufe da aya, alhali maganar ba ta kai ba.

A rubutaccen Turanci, cikakkiyar jimla tana buƙatar wanda ake magana a kansa, da aikatau mai nuna lokaci. Hausa kuwa ba kullum take neman aikatau ba. "Babana manomi ne" jimla ce lafiyayya, domin "ne" ta dirke ta. In ɗalibi ya ɗauki wannan tsari ya rubuta "My father a farmer", ya gurgunta maganar, sai ya saka "is".

Haka nan "Yara suna wasa". A nan "suna" ce ke ɗauke da lokaci. Wanda ya rubuta "The children playing" ya yar da wannan kaya a hanya, domin kalmar da aka ƙara wa "ing" ba ta riƙe jimla ita kaɗai. Dole "are" ko "were" ta rigaye ta.

Kuskure na uku ya fi wuyar ganewa, don aikatau yana nan daram. Masana nahawu sun raba ganga, wato sashen jimla, gida biyu: tsayayya, mai cin gashin kanta, da dogarau, wadda sai ta jingina. "Because the rain was heavy" dogarau ce. Ko da Hausa ka ce wa mutum "Saboda an yi ruwa mai ƙarfi" ka yi shiru, zai ce, "Sai me ya faru?" Kalmomi irin su "because", "although" da "when" alkawari suke ɗauka, kuma sai tsayayyar ganga ta cika shi: "we stayed at home".

A hira guntuwar jimla ba laifi ba ce. Mai sayar da doya da aka tambaya farashi ba zai tsaya tsara nahawu ba. Jarrabawa ce ba ta yafewa, musamman sashen taƙaita labari, inda WAEC ke neman amsa cikin jimloli.

Don haka, ɗalibi, kafin ka ɗiga aya, tambayi kanka: wa ake magana a kansa, ina aikatau, kuma maganar za ta tsaya da ƙafarta? Malamai kuma su riƙa jera jimlar Hausa da ta Turanci a allo, yara su ga inda hanyoyin suka rabu.