Zaɓen kibod ga mai yawan buga rubutu

Wanda yake wuni yana buga rubutu a kwamfuta, ɗan jarida ne ko mai fassara, yatsunsa ne suka fi sanin darajar kibod. A kibod irin na makanikai, kowane maɓalli yana da nasa makunni mai sifirin a ƙarƙashinsa, saɓanin na roba da aka saba gani a ofisoshi. Kamfanin Cherry na Jamus ya ce makunnansa na MX suna jure danni miliyan 50 ko fiye.

Makunnin shi ne abin fara dubawa. Makunnin MX mai launin ja yana sauka sumul ba tangarɗa. Shuɗi yana ƙara ƙas-ƙas, zai dami abokan zama. Ni dai mai ruwan ƙasa nake ba marubuci shawara, domin yatsa yana jin ɗan tudu daidai lokacin da harafi ya shiga, ba sai an danna har ƙasa ba, hannu kuma ba ya saurin gajiya.

Ga mai rubuta Hausa, babban amfanin yana wajen saiti. Kibod mai aiki da manhajar QMK, kamar wasu na Keychron, yana ba ka damar ware maɓallai ga ɓ, ɗ da ƙ, kodayake sai an ɗan daidaita kwamfutar ma kafin su fito.

Ka nemi murafun maɓalli na robar PBT, ba sa saurin sulɓi. In da hali, ka gwada da yatsunka kafin ka biya kuɗi.